50mm ko 35mm: wane gilashi ne zai gyara mini hoton cikin ɗaki?

Sabon_Hannu
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Kyamarata Nikon D3500 ce, da gilashin da ya zo da ita, wato 18-55mm. A waje da rana ba ni da abin cewa, hoto yana fita tar. Amma da na shiga ɗaki, ko rana ta faɗi, sai labari ya canza: ko hoton ya yi duhu, ko fuska ta yi dishi-dishi, ko kuma ya cika da ɗige-ɗige. Yawancin abin da nake ɗauka yara ne a gida, sai taron 'yan'uwa idan an haɗu, wani lokaci kuma hoton mutum ɗaya daga kai zuwa ƙirji. Duk wanda na tambaya sai ya ce in sayi 50mm f/1.8 kawai. Ƙarfina a yanzu na abu ɗaya ne, ba biyu ba. Da gaske shi ne maganin, ko kuwa kyamarar ce ya kamata in canza?

Abu_Fokas
Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa kyamarar, lafiyarta ƙalau. Sayi 50 ɗin ka huta. Ranar da ka ɗaura shi ka ga yadda bayan mutum yake narkewa, fuska ta fito ita kaɗai, za ka dawo nan ka yi mana godiya.

Malam_Haske
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kafin a shiga sayi wannan sayi wancan, mu fara gane abin da ke faruwa a cikin ɗakin nan.

Duba jikin gilashinka, za ka ga an rubuta 1:3.5-5.6. Abin nufi, a 18mm ƙofar hasken tana buɗewa har f/3.5, amma da ka zuƙo zuwa 55mm iyakarta f/5.6. Lambar nan rabawa ce, tsawon gilashi a raba da faɗin ƙofar. 55 a raba da 5.6 ya ba ka wajen milimita 10. 50 a raba da 1.8 kuwa kusan milimita 28 ne. Shi ya sa ƙaramar lamba take nufin babbar ƙofa. Idan aka yi lissafin filin ƙofar gaba ɗaya, f/1.8 na shigo da haske kusan ninki goma na f/5.6.

To ga amfanin ninki goman. A ce kana falo mai ƙwan fitila ɗaya, kyamara ta zaɓi kiftawa ta 1/20 na daƙiƙa a f/5.6, ISO kuma, wato lambar ƙarfin jin hasken kyamara wadda in ta hau take kawo ɗige-ɗige, ya riga ya hau 3200. Babu yaron da zai tsaya maka cak har tsawon 1/20. Kansa ya ɗan juya, hannunsa ya ɗaga, shi ne dishi-dishin da kake gani. A wannan hasken dai, da f/1.8 za ka samu wajen 1/200, yaro ya daskare a inda yake. Ko ka tsaya a 1/100 ka sauke ISO zuwa 1600, ɗige-ɗigen su ragu. Don haka masu ce maka ka nemi f/1.8 sun yi gaskiya. Inda na rabu da su shi ne batun 50 ɗin.

Sabon_Hannu
Allah ya saka da alheri, Malam, yau na gane lambar nan. Amma an rubuta VR a jikin gilashina, kuma an ce mini aikinsa hana girgiza. Me ya sa bai hana ba?

Injiniya_Sale
VR rawar hannunka kawai yake gyarawa. Akwai wani ɗan gilashi a ciki da yake motsawa ya rama karkarwar hannu. Canon na kiran nasu IS, Sony OSS, Tamron VC, duk abu ɗaya ne. Idan kujera kake ɗauka ko bango, zai ba ka hoto garau ko a 1/15. Amma ba shi da iko da yaron da ke gudu. Gwada ka gani: ka duba ɗaya daga hotunan da suka lalace, idan labule da kujera sun fito fes amma fuskar yaron ta ja layi, to motsin yaron ne, ba hannunka ba.

Maman_Hanifa
Sannunku. Ni ma yara nake ɗauka kullum a cikin ɗaki, kuma ina da 50 ɗin, ina da 35. Ƙanina, ka saurare ni da kyau. Sensar kyamararka, wato farantin da ke kama hoton a ciki, ƙarama ce, faɗinta wajen milimita 23.5, alhali babbar sensa milimita 36 ce. Saboda haka duk gilashin da ka ɗaura sai ka ninka shi sau 1.5 kafin ka san abin da zai kama. 50mm a wajenka zai kama abin da 75mm yake kamawa a babbar sensa.

Ga yadda yake a aikace. Idan ka tsaya mita 3 daga mutane, 50mm zai kama maka faɗin da bai kai mita ɗaya da rabi ba. Mutum biyu a kujera, su ma sai sun matsu. Idan kana son babba ya fito tun daga kai har ƙafa, sai ka juya kyamarar tsaye ka ja baya sama da mita 4. Ɗakin kwana nawa ne yake da wannan filin? Za ka ja baya har bayanka ya haɗu da bango, yaron kuma yana ta matsowa wajenka, don haka yara suke, da sun ga kyamara sai su nufo ta. 35mm a mita 3 ɗin nan yana kama wajen mita 2. Ni shi ne yake zaune a bakin kyamarata, 50 ɗin sai za mu fita.

Abu_Fokas
Hajiya, ban musa ba, amma ai manyan masu hoto da 50 suka yi suna. Henri Cartier-Bresson na Faransa kusan duk rayuwarsa da kyamarar Leica da 50mm ya yi aiki. Mu wa za mu ce ya yi mana kaɗan?

Dattijon_Fim
Yaro, maganarka gaskiya ce amma hujja ce a kanka. Fim ɗin da mutumin nan ya yi aiki da shi girmansa 36 da 24 ne, wato babbar sensa a yau. Abin da idonsa ya gani ta cikin 50mm, mai D3500 zai gan shi ne ta cikin 35mm, domin 35 sau 1.5 ya ba da 52 da rabi. Wanda yake so ya ga abin da ya gani da ƙaramar sensa, 35 zai saya. Tun muna wanke fim a ɗakin duhu ake kiran 50 gilashin yau da kullum, sai suna ya bi shi har zamanin ƙananan sensa, alhali aikinsa ya canza.

Abu_Fokas
Na karɓa, Baba. Amma a kan hoton fuska ina nan a kan bakata. 35 yana ƙara wa mutum girman hanci.

Injiniya_Sale
Ba gilashin ne yake ƙara hanci ba, kusanci ne. Tsaya wuri ɗaya ka ɗauki mutum da 35, ka sake ɗauka da 50, sannan ka yanke na 35 ɗin a kwamfuta ya zama girma ɗaya. Siffar fuskar ɗaya za ta kasance. Abin da ke faruwa shi ne, don ka cika hoto da kai da kafaɗa da 35 sai ka matso ƙasa da mita ɗaya. A wannan kusancin hanci ya fi kunne kusa da kyamara ƙwarai, sai ya fito babba. Da 50 kana tsaye nesa kaɗan, shi ya sa fuska ta fi zama daidai.

Abu_Fokas
To ai maganarmu ɗaya ce. Ko gilashi ko kusanci, hancin dai ya girma.

Injiniya_Sale
Bambancin yana da amfani, ɗan'uwa. Wanda ya san kusanci ne zai ja baya da 35 ɗinsa ya ɗauka daga ƙugu zuwa sama, in ya so ya yanke daga baya. Megafiksil 24 ne a kyamarar, akwai abin yankewa. Mai 50 kuwa ba yadda zai yi ya ƙaro abin da bai shiga hoto ba.

Anti_Rabi_Hoto
Ku yi haƙuri in shigo da abin da babu wanda ya ambata. Bawan Allah nan ya ce yana ɗaukar taron 'yan'uwa. Duk kuna ta yabon f/1.8, ba wanda ya gaya masa farashin da ake biya a hoton kansa. Da ƙofa ta buɗe, zurfin abin da yake fita garau sai ya tsuke. 50mm a f/1.8, mutum yana nesa da mita ɗaya da rabi, abin da zai fito garau bai wuce santimita 6 ko 7 ba. Ido ya fito, kunne ya fara narkewa. 35mm a f/1.8 a mita 2 bai kai santimita 25 ba. Yanzu jera mutane layi biyu, na gaba a zaune, na baya a tsaye. Layi ɗaya ne zai fito, ɗayan ya tafi. Kuma ba za ka gane ba a ɗan allon bayan kyamara, sai ka buɗe a kwamfuta ka ga fuskar kakarku ta zama hazo, taro kuma ya watse.

Hoton jama'a f/5.6 yake so, wani lokaci f/8. To idan za ka rufe sabon gilashin zuwa f/5.6, me ya raba shi da wanda ke hannunka? Haske ɗaya za su shigar. Matsalarsa ƙarancin haske ce, ni kuwa a ganina maganin ƙarancin haske shi ne a ƙaro haske. Filasha ta waje, mai kan da yake juyawa sama da gefe, ita zan saya da ni ce.

Sabon_Hannu
Anti, akwai filasha a kan kyamarar, amma ba na son hotonta ko kaɗan. Goshi ya yi ta ƙyalli, ido ya yi ja, ga baƙar inuwa a bango, bayan mutum kuma duhu ƙirin.

Anti_Rabi_Hoto
Waccan ai dole ta yi haka, ƙanina. 'Yar ƙarama ce, tana dab da gilashi, kuma kai tsaye take dukan fuska. Ta waje ba fuska ake nuna wa ba. Ka ɗaga kanta ta kalli silin, ko ka juya ta ta kalli bangon da ke gefenka. Hasken ya bugi silin ya bazu, ya sauko a hankali kamar na babbar taga, inuwa ta yi laushi, ɗaki duka ya haskaka. Ka sa kyamara a M, wato saitin hannu, kiftawa 1/125, f/5.6, ISO 400 ko 800, ka bar filashar a TTL, wato ta auna hasken da kanta. Kada dai ka wuce 1/200, nan ne iyakar kyamararka da filasha. Wani abin kuma, walƙiyar filasha gajera ce ƙwarai, sau da yawa 1/1000 ko ƙasa da haka, don haka ita kanta tana tsayar da motsin yaro.

Dattijon_Fim
Haka ne, 'yata, da sharaɗi biyu. Silin ya zama fari, domin in kore ne ko ruwan ƙasa, launinsa zai sauka a fuskokin mutane. Kuma ya zama ba mai tsawo sosai ba. A babban ɗakin taro hasken yana tafiya bai dawo ba, don nisa in ya ninka biyu, haske kashi ɗaya cikin huɗu ne yake saura.

Maman_Hanifa
Anti, a kan taro na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Amma hoton yara na yau da kullum fa? Yarinya tana kwance a ƙasa tana zane, hasken taga ya sauka a gefen fuskarta, harshe ya ɗan leƙo don ta duƙufa. Da filasha ta yi walƙiya sau ɗaya shi ke nan, ta ɗago kai, ta fara yi wa kyamara murmushin dole, abin da nake so ya wuce. Da 35 a f/2 zan yi ta ɗauka ba ta ma san ina yi ba. Ga kuma nauyi. Gilashin gram 200 ne kacal, kyamarar tana kan tebur kullum, ɗauka kawai zan yi. Filasha sai an nemo batir, an ɗaura, an saita.

Bidiyo_Kawai
In zai taɓa ɗaukar bidiyo ma filasha ba ta da amfani sam. Sai dai ya sani, 35 f/1.8G da 50 f/1.8G duk babu VR a cikinsu, kuma jikin kyamarar ma babu. A bidiyon hannu, na 18-55 ɗinsa zai fi su natsuwa. Kada ya sayar da shi.

Kyamara_Ta_Biyu
Gargaɗi ɗaya kafin ka kashe kuɗinka, musamman in na hannu za ka saya. Nikon na da 50mm f/1.8 iri biyu da ake yawan gani, mai harafin D da mai harafin G. Na D ya fi araha, shi ya sa yake jan sababbin shiga. Amma babu injin fokas a cikinsa, da injin jikin kyamara yake dogara, jerin D3000 da D5000 kuwa, har da D3500 ɗinka, ba su da wannan injin. Zai ɗauru, zai ɗauki hoto, amma fokas da hannu za ka riƙa murɗawa. Ka yi tunanin bin yaro mai gudu da fokas ɗin hannu a zurfin santimita 6. Ka nemi wanda aka rubuta AF-S a jikinsa, shi ne mai injin fokas a cikinsa.

Hauwa_EOS
Don Allah ku ba ni dama in raɓa da tambayata. Tawa Canon ce mai ƙaramar sensa. Wannan matsalar ta D da G ta shafe ni?

Kyamara_Ta_Biyu
A'a, 'yar'uwa. Tun da Canon suka fito da mahaɗin EF, wato bakin da ake ɗaura gilashi, a 1987 injin fokas a cikin gilashi yake, don haka kowane EF zai yi fokas a kyamararki. Naki lissafin dai sau 1.6 ne, 50mm zai zama kamar 80mm, ya fi nasa matsewa ma. Don cikin ɗaki duba EF-S 24mm f/2.8, ɗan siriri ne, yana kama kamar 38mm. Ki dai sani EF-S ba ya hawa babbar sensa ta EF in kin canza nan gaba.

Zamani_Z
Ni kam mamaki nake. Duniya ta koma kyamara marar madubi, Nikon da Canon duk sun fito da sababbin mahaɗai tun 2018, Z da RF, can ne sababbin gilasai suke fitowa. Ku kuna ce wa mutum ya zuba kuɗi a mahaɗin F na kyamararsa, na tun 1959. Ya tara kuɗinsa ya koma marar madubi, mai gano idon mutum da kanta. Wannan zai magance masa fokas a kan yara.

Malam_Haske
Ɗan'uwa Zamani, gano ido abu ne mai kyau, ba na musu. Amma ka sayi marar madubi mai ƙaramar sensa da gilashin da ke zuwa da ita, ka shiga falon nan mai ƙwai ɗaya, f/5.6 za ka tarar ko f/6.3. Haske ɗaya, kiftawa ɗaya, dishi-dishi ɗaya. Kuma kuɗin gilashin F ba asara ba ne. Tazarar bakin kyamara zuwa sensa a F milimita 46.5 ce, a Z kuwa 16, wannan ratar ce ta ba da wurin sa adafta. Da adaftar FTZ gilasan AF-S suna aiki da fokas ɗinsu a kan Z. Na D ɗin da aka ambata ne a can ma sai da hannu.

Abu_Fokas
Yawwa, ga wata hujjar tawa. 35 ɗin DX ne, na ƙaramar sensa. 50 f/1.8G kuwa yana rufe babbar sensa. Ran da ya ci gaba, 50 zai bi shi.

Maman_Hanifa
Ƙanina Abu, yaran nan girma suke yi kullum. Ya sayi abin da zai ɗauke su bana, babbar sensa in Allah ya kawo ta a yi mata nata shirin.

Tsuntsu_Da_Daji
Me ya sa sai kafaffen gilashi, wanda ba ya zuƙowa? Akwai masu zuƙowa da ke riƙe f/2.8 tun daga farko har ƙarshe, irin 17-50mm na Sigma da na Tamron. A 50mm haskensu ninki huɗu ne na f/5.6, ga faɗin 17 don taro. Akwai ma Sigma 18-35mm f/1.8, sai dai nauyinsa ya haura gram 800, kusan biyun kyamarar tasa. A na hannu ana samun irin waɗannan.

Dattijon_Fim
Tunda an zo kan na hannu, bari in faɗi yadda ake dubawa, don na ga mutane suna kallon gilashin gaba kawai su biya. Cire murfi biyun, ka haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba, ka karkata shi a hankali. Ƙura 'yar kaɗan a ciki ba komai ba ce, kowane gilashi na da ita, ba ta fita a hoto. Abin gudu shi ne funfuna, za ka ga wasu fararen zare-zare sun yi rassa daga gefe suna shigowa tsakiya, da kuma hazo da ya lulluɓe gilashin ciki. Funfuna in ta daɗe tana cinye rufin gilashin, ko an wanke tabo ya zauna. Sai ka duba ganyayyakin ƙofar haske. A gilasan Nikon akwai ɗan ƙarfe a baya, ka tura shi da yatsa ka sake, ya kamata ƙofar ta rufe nan take, ganyen a bushe. In ka ga maiƙo ko tana jan jiki, bar shi. Murɗa zoben fokas daga farko har ƙarshe ka ji ko akwai inda yake cijewa. Na ƙarshe, ka tafi da kyamararka. Ɗauki bango mai rubutu ko mai bulo kai tsaye, ƙofa a buɗe, ka kwatanta kusurwa huɗun. In gefe ɗaya ya fito garau ɗayan ya yi laushi, gilashin ya taɓa faɗuwa ko an haɗa shi a karkace. Ƙarzanen gilashin baya kuma ya fi na gaba illa.

Hauwa_EOS
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yaya ake hana funfunar tun farko?

Dattijon_Fim
Amin, 'yata. Damshi da duhu da rashin iska take so. Kada ki bar gilashi ya yi watanni a cikin jaka a rufe. Ki samu akwatin roba mai rufuwa gam, ki zuba ƙullin silika a ciki, ki riƙa busar da silikar in ta sha ruwa. Gilashin da ake fita da shi kullum ba kasafai take kama shi ba.

Zamani_Z
Kuma duk abin da ya saya ya ɗaura masa filtar UV don kariya.

Tsuntsu_Da_Daji
Ban yarda ba, musamman ga mai hoton dare. Filta mai araha tana haifar da wasu korayen ɗigo a hoto duk inda akwai ƙwan fitila a gaba, domin haske yana kai da komo tsakaninta da gilashi. Hular gilashi ta fi ta kariya daga bugu, ga shi tana tare hasken gefe. Ni sai wurin yashi ko feshin ruwa nake sa filta.

Zamani_Z
Gidan yara fa muke magana. Yatsa mai maiƙo zai sauka a kai kullum.

Maman_Hanifa
Yana sauka kam. Famfon iska na roba tukuna a kore ƙura, sannan ƙyalle mai laushi. Kada a fara da ƙyalle, shi ke jan yashi ya ƙarje gilashin.

Malam_Haske
Mun yi nisa da mai tambaya. Ɗan'uwa Sabon_Hannu, gani ya kori ji, kuma amsar tana hannunka. Gilashinka yana da 35 a jikinsa, yana da 50 tsakanin 45 da 55. Murɗa shi ka tsayar a 35, ka manna salatif don kada ya motsa, ka yi kwanaki kana ɗauka a haka a cikin gidanka. Sannan ka mayar 50 ka yi haka. Jikinka zai gaya maka inda kake takura. Na biyu, buɗe tsofaffin hotunan da ka fi so a kwamfuta ka duba bayanansu, kowane hoto yana ɗauke da milimitar da aka ɗauke shi da ita.

Sabon_Hannu
Na dawo, Malam. Na duba kamar yadda ka ce, abin kuma ya ƙara ɗaure mini kai. Hotunan taro kusan duk a 18 zuwa 24 suke. Na mutum ɗaya kusan duk a 55. Tsakiyar ba ni da yawa. Na gwada 50 a ɗakin yara, gaskiyar Maman Hanifa ce, bango ya tare ni. 35 ya yi mini daɗi a kan yaro ɗaya ko biyu, amma da muka zauna mu duka a falo bai kwashe mu ba. Na kuma yi gwajin Injiniya, labule garau, yaro a jirkice.

Anti_Rabi_Hoto
To ka gani. Babu kafaffen gilashi ɗaya da zai ba ka 18 ya ba ka 55. Wanda ke hannunka yana ba ka duka biyun, haske kawai ya rasa. Kuma a f/5.6 zuwa f/8 gilasan nan da ke zuwa da kyamara suna da kaifi sosai, raina su kawai ake yi.

Abu_Fokas
Ni abin da na gani daban ne. Hotunan mutum ɗaya duk a 55 yake ɗauka, ke nan idonsa 50 yake nema. Taro ya ci gaba da 18 ɗinsa, a can ai f/3.5 yake da shi, ba laifi.

Maman_Hanifa
Ya riƙa tsayawa a ƙarshen zoben ne don zoben yana nan, kowa haka yake yi da mai zuƙowa. Ka tambaye shi me ya fi ɗauka a mako, taro ko yara? Taro jefi-jefi ne. Ni dai 35.

Injiniya_Sale
Kafin kuɗin su fita, akwai abin da bai kai ko sisi ba. Fita daga Auto ka koma S, inda kai ke zaɓar kiftawa, ka kafa 1/125, ka ƙyale ISO ya hau yadda yake so, ko 6400 ne. Hoto mai ɗige-ɗige ana rage masa a kwamfuta, musamman in RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, amma wanda ya jirkice babu mai gyara shi. Tsaya wajen 18 zuwa 24 inda ƙofar ta fi buɗewa. Fokas ka sa AF-C, mai bin abu yana motsi, da ɗigo ɗaya na tsakiya, cikin ɗigon fokas 11 na kyamarar shi ya fi kama abu a duhu. Da rana kuma ka juyo da fuskar yaro wajen taga, kai ka ba tagar gefe, ka kashe ƙwan ɗaki don launi biyu kada su gauraya.

Sabon_Hannu
Zan gwada wannan yau da daddare in Allah ya so. Anti Rabi, silin ɗin falonmu fari ne amma na ɗakin yara katako ne mai ruwan ƙasa. Filashar za ta yi aiki a can? Kuma dole sai ta kamfanin kyamarar, ko ta wasu ma tana yi?

Anti_Rabi_Hoto
Ta wasu ma tana yi, irin su Godox, muddin an rubuta ta Nikon ce kuma tana da TTL, domin ƙafar kowane kamfani da nata tsarin. Ka tabbata kanta yana juyawa gefe da baya, ba sama kawai ba. A ɗakin yaran ka manta da silin, bangon fa wane launi ne?